Ranar da Anko Ya Ba Ni 'Ya

Da kakar bara na fara bin matan unguwarmu zuwa gonar ƙungiya, can hanyar Gude, wadda ake ciyar da marayu da amfaninta. Ɗana bai fara zama ba a lokacin, ni kuwa ko atishawa ya yi sai na kwana ina duba shi. Surukata ce ta kora ni, wai in je in sha iska kafin tsoro ya haukata ni.

Ranar tsinkar gyaɗa aka ce kowa ta zo cikin anko, za a yi mana hoto. Zanen goyo ma anko. Muka jera jarirai a tabarma a gindin mangwaro, kowanne lulluɓe da atamfa iri ɗaya, muka duƙufa, ana tsinka ana waƙa.

Sai na ji kuka. Da ƙasa a hannuna na zabura, na suri mai kukan, na tura cikin hijabi na ba da nono. Ina ta mamakin irin zuƙar da yaron nan yake yi yau. Can yatsana ya taɓo ɗan kunne.

Na ɗaga hijabi. Mace!

"Wayyo Allah, an canja min ɗa!"

Shugabarmu, wata Hajiya mai ƙiba, ta yi dariya har ta zauna cikin ganyen gyaɗa. "Ke 'yar nan, ga naki can yana sharar barci."

"Shi ke nan," in ji maƙwabciyata, "kin rage wa ɗanki mata guda a garin nan!"

Wata tsohuwa ce kaɗai ba ta yi dariya ba, kakar yarinyar. Ashe marainiya ce, uwar ta rasu da jego, madarar gwangwani kuma ko an ba ta sai ta amayar. Na yunƙura zan cire ta, tsohuwar ta riƙe min hannu.

"Don Allah 'yata, bar ta ta ƙoshi."

Na bar ta. Amma har gida ina ta tunanin me maigidana zai ce. Ya ji ni tsaf, ya leƙa wajen Malam, ya dawo yana ƙunshe dariya. Wai Malam ya ce tunda ta sha nonona, ita da ɗana sun zama wa da ƙanwa, babu gyara.

"Na bar ki ki je gyaɗa, kin dawo min da 'ya. To, a riƙa kawo ta."

Kullum da hantsi kakar tana sallama da ita a goye. Yanzu atishawar mutum biyu ke tsinka min zuciya.