Saƙon da na tura daga lungun Sheshe

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da wata ƙawata, ko karyawa ba mu tsaya yi ba don mu samu motar farko a Kawo. Mun same ta kuwa, sai dai ita ma motar farkon sai da ta jira fasinjan ƙarshe har rana ta fito. Kuɗin mota ya tashi sosai a kan yadda na san shi bara, kuma direba ya ce jakar ƙawata ma sai an biya mata, wai ta ci wurin mutum. Duk wanda ya ga jakar ya san bai yi ƙarya ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, akwai wani guruf da nake ciki a waya, na mata masu haɗa turaren wuta da humra. Kowacce na kawo abin da ta iya, a yi tambaya a ba da amsa. Babbar malamarmu ita ce Hajiya Falmata, dattijuwa 'yar asalin Barno da danginta suka daɗe a cikin birnin Kano. Ba ta rubutu, sai saƙon murya. Kullum da safe za ta turo guda: ta fara da yadda ake jiƙa itacen hawi na turare, ta gangara kan ruwan saman da aka yi jiya, ta tuno wata maganar marigayi mijinta, ta yi tunaninta a kan zama da maƙwabta, sannan ta dawo kan hawin kamar ba ta je ko'ina ba. Ni kuwa turarena kullum a wajen suyar sukari yake ƙonewa. Da ƙorafina ya yi yawa, sai ta ce in zo ta nuna min da hannu, ɗaki akwai.

Hanya ba laifi, ban da wuraren da ake aiki ana karkatar da motoci hannu ɗaya. Da yake damina ce, daga Zariya zuwa gaba duk inda aka rage gudu sai masu gasasshiyar masara da dafaffen ƙwan zabi su rufe taga. A Kwanar Dangora muka sayi ƙwan, ƙawata ta yi ciniki kamar za ta sayi zabuwar gaba ɗaya. Wajen Kura shinkafa ta yi kore shar, iya ganinka.

Muka sauka a Unguwa Uku, muka ɗauki adaidaita sahu. Muna shiga ta Ƙofar Nassarawa gari ya sake kama: tituna suka fara matsewa, ga masu baro, ga masu gurasa, ga dattawa a ƙofar soro suna amsa gaisuwar duk wanda ya wuce. A Sheshe mai adaidaita ya tsaya bakin wani lungu, ya ce nan ne iyakarsa.

Wata tsohuwa ce tsaye a wurin da lafaya mai ruwan ƙasa. Ban taɓa ganin hotonta ba, amma tana cewa «Maraba da mutanen Kaduna» na gane muryar. Da kanta ta fito tarar mu. Muka bi ta cikin lungun muna tsallake kwata, don ruwan daren jiya ya cika ta har ta tumbatsa, kuma ba zan ɓoye muku ba, tana wari.

Gidan tsohon ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti, da rijiya a tsakar gida. Ɗakinta ta bar mana, ta shimfiɗa sabon zanen gado da ko layin ninkinsa bai baje ba. Matar ɗanta ta kawo mana burabusko da miyar kuka da man shanu, muka ci har muka ji nauyin ƙari. Duk tsawon cin abincin Hajiya na ba mu labari: wanda ya gina gidan, wanda ya haƙa rijiyar, shekarar da katangar baya ta faɗi.

Bayan azahar aka hura gawayi. Kafin a fara, na fita lungu neman sabis, don kaurin bangon gidan ba ya barin waya ta yi aiki, sai wayar Hajiya da ke rataye a wata ƙusa jikin taga. Na yi wa ƙanwata alkawarin zan ba ta labarin isowarmu. Na danna, na yi magana ina dariya ƙasa-ƙasa. Na ce mata yadda Hajiya ke magana a guruf sai ka ɗauka a gidan bene take, ashe wani tsohon gida ne a lungu mai warin kwata. Na ce ban san yadda zan kwana a nan ba. Na ƙara da cewa ashe surutun safiyar nan kaɗan muke gani, a fili ba ta da birki. Saƙon ya ɗan tsaya yana juyawa sannan ya tafi, na jefa wayar a jaka na koma ciki.

Muna tsakiyar aiki, sukari ya fara kumfa a kasko, Hajiya na nuna min launin da ake jira kafin a zuba itace, sai wayarta ta yi ƙara. Ta ce da matar ɗanta ta kunna mana, wataƙila wata ce ke da tambaya a guruf, hannunta ya yi danƙo.

Muryata ce ta cika tsakar gidan.

Ban taɓa jin muryata ta yi min muni haka ba. Matar ɗan ta kai hannu za ta kashe, Hajiya ta girgiza mata kai. Haka muka saurara har dariyar ƙarshe. Ƙawata ta sunkuyar da kai tana tona ƙasa da tsinke. Wata maƙwabciya da ta shigo aron turmi ta juya ta fita ba turmin.

Hajiya ta ci gaba da juya sukarinta. Can ta ce, «Matso ki gani, 'yata. Yanzu ne ake zubawa. In kika ƙara jira ya ƙone.»

Na matsa, hawaye na zuba, na zuba itacen. Da aka sauke kasko na ruga lungu na goge saƙon, amma an riga an ji. Wasu sun sa alamar mamaki, wata ta rubuta innalillahi kawai, admin kuma ta rufe guruf ɗin zuwa yamma.

Na dawo na durƙusa a gabanta, na fara cewa kuskure ne, ƙanwata na yi nufin tura wa. Ina faɗa na ji yadda uzurin ya fi laifin muni. Ta wanke hannunta a hankali, sannan ta ce maganar kwata gaskiya ce, su ma sun gaji da kai kuka wajen mai unguwa. Gida kuwa ba ya ba ta kunya, a nan aka kawo ta amarya, a nan aka ɗauki gawar mijinta.

«Surutun ne ya taɓa ni,» ta ce. «Tun da Malam ya rasu, da safe ba ni da wanda zan faɗa wa abin da na kwana da shi. Na ɗauka kuna so ne.»

Na ce wallahi muna so. Ta ce to, ba komai, ta yafe. Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Na so mu koma Kaduna a ranar, ƙawata ta ce in na tafi na tabbatar da abin da na faɗa. Muka kwana. Ban taɓa kwana a ɗaki mai sanyi da ƙamshi irin wannan ba, ban kuma taɓa kasa barci irin na ranar ba.

Da safe matar ɗan ta ajiye mana koko da ƙosai, ta amsa gaisuwata a taƙaice, ban ga laifinta ba. Hajiya ta zauna a kan tabarmarta da carbi, wayar na rataye a ƙusa, ba ta taɓa ta ba. A guruf mata suka fara tambaya ko lafiya yau ba a ji Hajiya ba. Na leƙa lungu saƙonnin suka shigo, na dawo na zauna kusa da ita ina karantawa.

Duk da haka ta ƙarasa mana darasi. Ta nuna mana yadda ake gasa farce, ɓawon nan na teku da ake sa wa turare, a daka shi don humra, ta cika min kwalba da turaren da muka haɗa, ta rako mu har bakin lungu, ta sa mana albarka. Ni ce na kasa haɗa ido da ita.

A mota ban sayi ko masara ba. Mun iso Kaduna da la'asar, maigida ya tambaye ni yaya Kano, na ce Kano lafiya, ni ce dai. Na yi alwala, na zauna, na tura saƙon murya a guruf ɗin, na nemi afuwarta a gaban duk waɗanda na ci mutuncinta a gabansu. Ta amsa da gajeren saƙo: Allah ya yafe mana baki ɗaya. Tun daga nan in an yi tambaya tana amsawa, a taƙaice, iya abin da aka tambaya.

Da yawanku da ke cikin guruf ɗin kun biyo ni ta gefe kuna ba ni haƙuri, wai kuskuren yatsa ne, kowa yana yi. Na gode, amma ku daina. Yatsa wurin turawa kawai ya ɓata, maganar daga bakina ta fito, cikina cike da abincin matar. Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, muryar da muke ji a waya kullum har mu raina ta, mutum ce mai ɗaki ɗaya da za ta iya bar maka ta kwana a tabarma. Sukarina ya daina ƙonewa. Ban taɓa koyon abu da tsada haka ba, kuma ba ni ce na biya ba.