Yaya Habu da Gadon Agana

Shekara talatin da huɗu ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa a Magariya, amma har yau in na ji ƙarar amalanke a ƙofar gida sai in ɗaga kai. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A zamanin Nasara shi ke bin unguwanni da jaki da amalanke yana kwashe abin da ya fi ƙarfin juji: randar da ta tsage, turmin da gara ta ci, karyayyen gado. Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, shi ya kafa aikin, wai don sauro da ɓera. Mutanen gari kuwa suka laƙaba masa Habu Tarkace.

Ni na yi lakwal, wato makarantar boko, ina akawu a biro, ofishin kumandan, ga farin wando ga girman kai. Allah ya gafarta mini, kunyarsa nake ji. Wata rana ya tsaya gaishe ni a ƙofar biro, tafinta ya tambaye ni ko wane ne, na ce ɗan unguwarmu ne. Ya ji sarai. Murmushi kawai ya yi, ya kora jakinsa.

Sai agana ta shigo gari. Yaran yanzu ba su san ta ba, kada ma Allah ya nuna musu. Aka yi shela: gidan da ta yi kisa, a fitar da gado da katifa da duk abin da mamaci ya kwanta a kai, a ƙone bayan gari, in ba haka ba 'yan sandan kumandan su sa wa ɗakin wuta. To, wa zai taɓa? Sauran masu kwasa duk suka tsere ƙauye. Yaya ya yi agana tun yana ƙarami, fuskarsa duk tabo, ita kuwa ba ta kama mutum sau biyu. Shi kaɗai ya rage.

Agana ta ɗauke matata Hajara wata Laraba, ta bar mini 'ya'ya biyu. Aka ce in azahar ta yi gadon na ciki, wuta ce. Ɗakin kuwa na jinka ne, ga rumbu a jikinsa, ga dangar maƙwabta. Gadon katako ne da na sayo daga Kano don alfahari, ƙarti huɗu suka shigar da shi. Abokan biro ko ɗaya bai leƙo ba. Ban aika wa Yaya ba. Da wane ido?

Sai ga shi. Ya shiga, na bi shi in kama gefe guda, ya daka mini tsawar da ban taɓa ji daga bakinsa ba: "Ja da baya, Mamman! Kai ba ka yi ta ba. In ka kwanta, wa zai riƙe yaran nan?" Wallahi ina tsaye ina kallo ya karkata gadon nan, ya fito da shi a bayansa shi kaɗai, jijiyoyin wuyansa kamar igiyar guga. Ya koma ya kwaso katifa da tabarma da zannuwanta. Kafin ladan ya kira azahar, hayaƙi na tashi bayan gari.

Can ya ƙone har rigar jikinsa. Sati uku bai taka gidanmu ba, don kada ya kawo wa yara ita. Kullum da hantsi sai ya tsaya tsallaken hanya ya ɗaga murya: "Ba zazzaɓi dai ko? Sun ci abinci?"

Yau ina ganin samarin ma'aikatar magajin gari da safar hannu da takunkumi, suna tsaki in an nuna musu mataccen firiji. Nakan tambayi kaina me zai ce. Na san shi, ba zai zage su ba. Zai zagaya firijin ya ce, "Kai, wannan ai akurkin kaji ne, ku kai mini gida."

Bai bar ɗa ba, bai bar hoto ba. Har ya rasu ban iya buɗe baki na roƙe shi gafara ba, kuma abin yana cina. Amma yaran nan biyu sun rayu, jikokinsu sun cika gidan da bai ƙone ba. In na dubi fuskokinsu sumul, sai in ce Allah ya jiƙanka, Yaya.