Habibu Ya Ƙaura da Kowa, Shi Aka Bar Shi a Baya

Shekara bakwai ke nan da aka fitar da ƙanena Habibu daga gidanmu na Ƙofar Kibo zuwa makwancinsa. Yawancin masu karanta wannan shafi ba su san shi ba, don ba mai sarauta ba ne, ba kuma mai dukiya ba. Na ɗauki alƙalami ne saboda har yau a cikin birnin Zariya akwai masu tuna sunansa da laifin da bai aikata ba.

Habibu ma'aikacin kwamfuta ne a wani asibitin kuɗi da ke wajen Ƙofar Doka. Shi ya haɗa musu na'urorinsu tun mai asibitin na farko yana raye. Shi ke buɗe wa kowane ma'aikaci akawun na shiga na'ura, ya ba shi kalmar sirri, ya kuma iyakance masa abin da zai iya gani. Mai karɓar kuɗi lissafi kawai yake gani, mai ba da magani sunan magani, sakamakon gwaji kuwa sai likita da masu ɗakin gwaji. Ni malamar firamare ce, ban san kan na'ura ba, amma ban manta yadda ya bayyana mini ba. Ya ce, "Yaya, birnin nan kowa ɗan'uwan kowa ne. In na bar ƙofa ɗaya a buɗe, kafin la'asar an san ciwon matar wane a kasuwa."

Yana da aboki, Sabi'u, tun suna makarantar allo. A kwano ɗaya suka ci tuwon mahaifiyarmu, ni ma Yaya yake kira na. Da Sabi'u ya gama karatu ya rasa aiki, Habibu ne ya zaunar da shi ya koya masa sana'ar, sannan ya yi ta sintiri a ofishin mai asibitin har aka ɗauke shi mataimakinsa.

Da mai asibitin ya rasu, ɗansa ya gaji wurin. Ya canza wa asibitin suna, ya naɗa surukinsa manaja. Canjin suna ya sa dole a kwashe akawun na dukkan ma'aikata daga tsohon tsari zuwa sabo, abin da suke kira domen, kowa da fayilolinsa da iyakar izininsa. Habibu ya shafe makonni yana wannan ƙaura. Sashe-sashe ya bi, in ya mayar da mutum sai ya tsaya a kansa ya ga ya shiga, ya ga kayansa sun cika, ya kuma tabbatar ba a buɗe masa abin da ba nasa ba.

Ana cikin haka manajan ya kira shi, ya ce tunda ana sabon gini, a ba shi izinin ganin komai. Habibu ya ce, "Ranka ya daɗe, lissafi da albashi da sito duk zan buɗe maka. Amma fayil ɗin marasa lafiya na likitoci ne." Manajan ya yi murmushi, ya ce ba komai. A daren da ya ba ni labarin na ce masa wannan "ba komai" ba ta kwanta mini ba. Ya yi dariya, ya ce ai shi da Sabi'u kaɗai ke riƙe da wurin.

Ranar Juma'ar da za a kammala, mahaifin wata nas ya rasu a Wusasa, Habibu ya ce ba zai ƙi zuwa gaisuwa ba. Akawun biyu kawai suka rage, nasa da na Sabi'u. Sai ya miƙa wa Sabi'u babbar kalmar sirri mai iko da komai, ya ce, "Saura namu, ƙarasa mana."

Ranar Litinin kowa ya shiga sabon tsari lafiya, tun daga likitoci har mai rajista a bakin ƙofa. Habibu ya zauna a kujerarsa, ya rubuta sunansa, na'ura ta ƙi shi. Ya sake, ta ƙi. Ya juya ya tambayi abokinsa ko an samu kuskure. Sabi'u bai ɗago kai ba, ya ce, "Malam Habibu, je ka ga manaja." Tun suna yara bai taɓa kiran sa Malam ba sai ranar. Da ɗan gari akan ci gari. An ba manajan abin da yake so, an ba Sabi'u kujerar, an kuma sallami Habibu da cewa an rage ma'aikata.

Da abin ya tsaya nan, da mun haƙura, don arziki ba a wuri ɗaya yake ba. Amma bayan 'yan watanni sai sakamakon gwajin wata baiwar Allah ya fita daga asibitin ya bazu a unguwa, har aurenta ya mutu. Da danginta suka tayar da magana, asibitin ya ce tsohon mai kwamfutarsu ne ya yi aikin ƙaura a hargitse, wasu ma suka ƙara da cewa da gangan ya yi don haushin kora. Sabi'u yana wurin ana faɗa, bai ƙaryata ba. Masu kawo wa Habibu gyara a ɗan shagon da ya buɗe suka janye. A masallaci ana ba shi hannu ana kawar da kai.

Na matsa masa ya kai ƙara. Shi da kansa ya taɓa gaya mini na'ura tana adana sunan duk wanda ya buɗe fayil. Amma ya ce, "In na je kotu, sai an kira sunanta a gaban jama'a, an karanta takardarta. Yanzu jita-jita ce, Yaya. Ni zan mayar da ita hujja?" Na yi fushi da shi sosai a lokacin. Sai daga baya na gane abin da ake nufi da cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Hawan jini ya kama shi, ɓarin jikinsa ya shanye, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ba na cewa wani ya kashe shi, ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma na ga yadda mutum ke ramewa alhali yana cin abinci. Ranar uku Sabi'u ya shigo cikin gida, ya durƙusa ya ce, "Yaya, ya haƙuri?" Na ce da godiya. Iyakar abin da bakina ya iya fitarwa ke nan.

Nakan tambayi kaina me Habibu zai ce da ya ga yau. Yanzu sakamakon gwaji ta waya ake turo shi, a ɗauki hotonsa a aika wa dangi, wani ya aika wa wani. Na san da ya riƙe baki. Na kuma san da ya ga Sabi'u, wanda yanzu Alhaji ne mai kamfanin kansa, da ya gaishe shi da fara'a, domin kafin ya rasu ya ce ya yafe. Ni dai ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, ban kai nan ba tukuna. Ina roƙon Allah ya kai ni.

Me ya rage na Habibu? Babu sunansa a asibitin, shagon ma an mayar da shi wurin sayar da katin waya. Akwai 'ya'yansa uku da nake riƙo, masu kunya irin tasa. Akwai kuma matar nan. Ta sake aure a wani gari, maganar ta mutu don ba a samu mai tabbatar da ita ba. Ba ta san abin da ƙanena ya biya ba, ni ma ba zan taɓa faɗin sunanta ba. Ya tafi da zargi a wuyansa don wata ta ci gaba da rayuwa da mutuncinta. Allah ya rufa masa asiri ranar da babu mai rufa wa wani.