Dutsen Bahaguwa

Mutanen ƙauyenmu a kan tsauni suka fara zama. Da zaman lafiya ya samu suka sauko gindinsa, suka bar kufai a sama. Babu wanda ya iya saukowa da maniƙarsa, domin a jikin falalen dutse mata suke niƙa, kowane gida da raminsa. Ɗan dutsen niƙa kawai kowace mace ta ɗauko. Dattawa suna cewa ɗan dutse ba ya manta uwarsa: in aka mai da shi sama, a ramin gidansu kaɗai zai zauna daidai.

Lokacin da nake makarantar sakandare a Zuru, bayan shekara ta dubu biyu, injin niƙa ya riga ya zo. Ɗan dutsen gidanmu ya koma tokare ƙofar akurkin kaji.

Akwai wani tarihin kuma, wanda ba a faɗa a gaban Kaka, mahaifiyar babana. Mutane suna kiran gidanmu gidan bahaguwa, wai uwar Kaka da hagu take komai, har miƙa wa baƙo ruwa. Kaka ta ce ƙarya ce, ta kuma shafe rayuwarta tana faɗin haka a bakin rijiya da ƙofar coci. Da aka haife ni bahaguwa, ta ce daga dangin mamana na kwaso, mutanen wajen Sakaba. Tana da wata tsinkiyar kara da take ajiyewa kusa da kwanon tuwo saboda hannuna. Da dama nake ci, da dama nake rubutu, a hankali. Malamai suna yaba tsabtar rubutuna, ban taɓa gaya musu dalili ba.

A kufai akwai wata babbar ɗorawa kusa da wani ramin niƙa. Da kalwarta Kaka take daddawa duk shekara, ta aika kasuwar Zuru. A hutun Ista na wata shekara, tsohuwar gidan gabas, sa'ar Kaka, ta tura jikokinta suka fara kaɗe ɗorawar. Ta ce ramin nan na uwarta ne, saboda haka bishiyar tasu ce, aro kawai muke ci.

Aka je gaban mai gari. Tsohon soja ne, ba ya son doguwar magana. Ya ce kowacce ta ɗauko ɗan dutsenta a hau sama.

Ni aka ɗora wa namu, bayan na wanke masa kashin kaji. Rabin gari ya biyo mu, har da waɗanda ba su taɓa damuwa da ɗorawa ba. Kaka tana gaba da sandarta, tsohuwar gidan gabas tana bayanta.

"Ki taka a hankali, ƙawata," in ji tsohuwar. "Kada ki mutu kafin ki ji kunya."

"Ke ce za ki riga ni. Tun muna 'yan mata numfashinki na tsohuwar akuya ne."

A sama aka share ramin, aka zuba dawa tafi guda. Jikar tsohuwar ta durƙusa da dutsensu. Ya shiga, amma yana rawa, dawar tana tserewa ta gefe. Mutanenmu suka yi tari irin na jin daɗi.

Matar kawuna ta karɓi namu ta durƙusa. Shi ma ya yi rawa. Har ya fi nasu ƙara.

Mai gari ya duba wannan, ya duba wancan. Ya ce tunda duwatsun biyu sun manta uwarsu, za a raba ɗorawar, shekara guda nan, shekara guda can. Tsohuwar gidan gabas ta ce ta yarda, da sauri.

Ina tsaye kusa da ramin, na riga na ga abin da ke ciki. Ba a tsakiya ya fi zurfi ba, ya karkata hagu. Ƙasan dutsenmu ma ta gefen hagu ya fi cinyewa, na lura tun ina wanke shi. Amma a lokacin ko sunana aka tambaya sai na yi tunani kafin in amsa.

Kaka ma ramin take kallo. Ta daɗe. Ta ɗaga kai ta kalli ɗorawar, wadda ta yi 'ya'ya a shekarar har rassan suna lanƙwasa. Sannan ta nuna ni da sanda.

"Ke. Durƙusa."

Na durƙusa, na kama dutsen yadda ta koya mini, nauyina a dama.

"Ba haka ba," ta ce, ba ta kalli kowa ba. "Yadda kike yi in ba na nan."

Na juya dutsen, na sa nauyina a hagu. Ya zauna. Babu rawa, babu ƙara, sai sautin dawa tana zama gari. Na niƙe tafin nan tas, don ba a ce in tsaya ba.

Tsohuwar gidan gabas ce ta fara magana.

"Ashe dai gidan bahaguwa ne."

"Gidan mai ɗorawa ne," in ji Kaka.

"Mun ji. Amma bahaguwa ce."

"Uwarki da hannu biyu na dama ba ta bar miki ko kuka ba."

Mai gari ya ce magana ta ƙare, ɗorawa ta gidanmu ce, a sauka kafin rana ta yi zafi. A hanya tsohuwar tana ta dariya, ta fi wadda ta ci shari'a murna. Kafin mu kai gindin tsauni yara sun fara rera sunan.

Da aka kawo tuwo, tsinkiyar karan tana wurinta kusa da kwano. Na sa hannun dama. Kaka ta dube ni, ta ɗauki karan ta tura cikin murhu.

"Ci da wanda kika ga dama," ta ce. "Amma ban da gaban baƙi."

Ɗan dutsen bai koma akurki ba, a ɗakinta ta ajiye shi ƙarƙashin gado. Kajin suka yi kwanaki suna fita yadda suke so kafin a samo wani dutsen.