Kwana Ɗaya Tsakanin Kano da Jidda

Ban san mahaifina ba sai ta bakin Inna. Malamin allo ne a Bodinga, ya ɗauki sandarsa ya nufi Makka a ƙasa tun ina goye. Duk wanda ya tambaye ta labarinsa, amsarta ɗaya ce: hanya ce da nisa. Takan ce mahajjata sukan tsaya Sudan su yi noman auduga shekaru kafin su ƙetare teku, dawowa ma haka. Da wannan ta rene ni har na zama tela a kasuwa, na yi aure.

Ana nan, Turawa ba su tafi ba tukuna, sai aka ce wani mai fataucin fata a Shagari ya je hajji ta jirgin sama, har ya dawo gero bai nuna ba. Inna ta ce sai na kai ta. Na aro jaki muka tafi.

Alhajin ya karɓe mu a zaure. Ya ce a Kano suka hau, suka sauka Hartum jirgi ya sha mai, kashegari sai ga su Jidda. Inna ta sa ya maimaita. Ya maimaita mata.

"Ashe kusa ne," ta ce. "To mi ya hana shi dawowa?"

Alhajin ya tambayi sunan mahaifina, ta faɗa masa. Sannan ya ce ya gan shi a unguwar Hausawa a Jidda, yana biya wa yara karatu da ka. Idanunsa sun mutu tun a hanyar zuwa, kuma ba wanda zai ja masa gora ya ratsa dajin nan da shi.

Muka kamo hanyar gida har muka kusa gari. Ta ce in sayar da bijiman noma, baɗi mu tafi tare. Na ɗinka mata fararen kaya, ta riƙa fito da su tana shanyawa ba dalili. Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kwantar da ita, shi ne ajalinta.

Ni kaɗai na hau jirgin. Ina leƙen hamada ta taga, ina tunanin a nan ƙasa wani wuri mahaifina ya bar ganinsa. Ko barci ban gama ba aka ce mun iso.

Na same shi a wata rumfar kwano, tsoho ƙanƙane. Na faɗa masa ko ni wane ne. Ya shafa fuskata har gemu, ya yi dariya, ya ce shi jinjiri ya bari. Sai ya tambayi Inna, na gaya masa.

Bayan an sauko Arfa na roƙe shi mu koma tare, na ce kwana ɗaya ne kawai. Ya girgiza kai.

"Ɗana, ga wa zan koma?"

Ya raka ni bakin titi, hannunsa a kafaɗata, yana tambayata ko tsamiyar ƙofar gidanmu tana nan. Na ce tana nan. Mahajjatan shekara ta gaba ne suka zo da labarin rasuwarsa.