Yaya, Sun Cire Ki Daga Farkon Layi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Larabar da ta wuce, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata. A kan benci ta cika, a barandar sashen wankin ƙoda na asibiti, tana jiran a kira sunanta.

Yaya, ke kika koya mini rubuta manhaja, a kan teburin cin abinci, da tsohuwar kwamfutarki mai tsagaggen gilashi. Na tuna ranar da na cire abu daga farkon jeri a cikin manhajar da nake rubutawa, na wuce abina ban adana shi ba. Kika ja kunnena kika ce, "Kai, ina ka kai shi? Abin da ka cire daga farko, a hannunka kwamfuta take miƙo maka shi. Adana shi tukuna." Na yi ta gunaguni, kika bar ni har na gyara, sannan kika zuba mini abinci.

To, wanda ya rubuta wa asibitin nan manhajar layi bai sami mai jan kunnensa ba. Idan jerin masu jira ya cika, sai manhajar ta cire na farko ta watsar, don sabon zuwa ya sami wuri. Na farkon kuwa shi ne wanda ya fi kowa daɗewa yana jira. Sunanki na kaiwa gaba sai ya ɓace. Ke da kanki kika gano dalilin, ƙafafunki a kumbure, kika yi wa shugaban sashen bayani dalla-dalla. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Hajiya, kwamfuta ba ta kuskure, ki sake rajista." Kika koma ƙarshen layi.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Masu zuwa gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma sakaci sunansa sakaci, kuma gyaran nan bai kai aikin yini guda ba. Har yau manhajar tana nan yadda take, akwai wani bawan Allah a farkon layin yana murna ya kusa.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya haskaka kabarinki. Ina yi wa Inna da mijinki da yaranki ta'aziyya, Allah ya ba mu haƙuri. Inna ta ce in yafe musu. Zan yafe, Inna, ranar da suka gyara.