Zane Arba'in Na Kai Riyad, Babu Mai Motsi

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Riyad daga Dammam, ni da abokin ɗakina, a hutun kwana ɗaya da kafili, wato ubangidanmu, ya ba mu da ƙyar. Tuƙin babbar mota nake yi, amma zane ne a raina tun ina Kano. Na ji wani kamfanin katun na Japan ya kawo baje kolin tarihinsa, na rantse sai wani cikinsu ya duba zanena ya gaya mini gaskiya: in ci gaba ko in haƙura.

Hanya sumul, ba rami ko ɗaya, sai rairayi da raƙuma. A unguwar Manfuha ta Riyad muka karya da gurasar tamis da waken ful na riyal biyar, abokina na ta mita wai na Dammam ya fi auki. Shi a ƙasar nan ya tashi, kuma har ranar musu yake cewa Larabawa ne suka yi katun ɗin yarintarsa, tunda Larabci suke yi.

Bangon zauren baje kolin ne ya kashe masa baki. Hoton farko ɗaki ne guda a saman shago, 'yan Japan kaɗan sun duƙufa kan tebur. Sun yi shekaru suna yi wa manyan kamfanoni ƙwadago, ko sunansu ba a sawa. Fim ɗinsu na farko bai karɓu ba, kamfanin ya durƙushe, wani ya saye shi, ma'aikata da yawa suka fice. Ragowar suka sake ɗaura ɗamara.

A ƙarshen zauren wani dattijon mai zane na zaune da tafinta. Na miƙa masa zanena arba'in, kowanne ya sha launi. Ya karɓa da hannu biyu, ya haɗa su, ya riƙa sakin gefensu da babban yatsa, far-far-far. Sai ya ɗago.

"Ya ce hannunka na da kyau," in ji tafinta, "amma ina motsin? Shi shekara uku ya yi yana cike motsin da ke tsakanin zanen wasu kawai."

Wallahi kunya ta rufe ni. Shekara takwas ina ƙawata fuska, ban taɓa sa ta ƙifta ido ba.

Mun dawo Dammam a gajiye, amma ban haƙura ba. Tafiyar ta nuna mini aikin yana cikin zanen da ba wanda zai yaba. Na sayi takarda dami guda, na fara zana mai shayi yana ɗaga buta. Takarda ashirin da huɗu ya ci. Jiya na saki gefensu da yatsa: hannun mai shayin na karkarwa, amma ya ɗaga butar.